Yadda za ka je bikin Bonnie da Clyde a Pilot Point, ka kuma gane abin da kake kallo

Akwai wani ɗan ƙaramin gari a arewacin jihar Teksas ta Amurka ana ce masa Pilot Point, mutanensa ba su cika dubu 5 ba a ƙidayar 2020, amma duk shekara in Oktoba ta kama sai su ware Asabar guda su mayar da dandalin garin shekarun 1930, tsofaffin motoci, sutura irin ta kakanninsu, har da kwaikwayon fashin banki da bindigogi masu ƙara kawai babu harsashi. Sunan bikin Bonnie and Clyde Days. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwanmu da ke zaune Dallas da kewaye, da ɗalibanmu na jami'o'in Denton, da wanda ziyara ta kai shi Teksas a wannan lokacin. Gaskiya ba zan ce wa mutum ya yanki tikiti daga Kano ko Yamai takanas saboda shi ba, biki ne na yini ɗaya a ƙaramin gari. Amma in kana kusa, ka je. Sai dai ka je da shiri, dan wanda ya faɗa wurin haka kawai abin da zai gani shi ne mutane na tafa wa 'yan fashi, ya koma gida ransa a dagule, alhali a ƙarƙashin wasan akwai labarin yunwa da karayar arziki da mutanen garin ba su manta ba, kuma shi ne ya kamata ka je nema.

Matakin farko, ka san me ake tunawa. Mutane da yawa suna zaton ainihin Bonnie Parker da Clyde Barrow, mace da namijin nan da suka shahara da fashi a Amurka a shekarun 1930, ne suka yi fashi a bankin garin shi ya sa ake biki. Ba haka ba ne. Abin da ya faru shi ne a ƙarshen 1966 masu shirya fim suka zo arewacin Teksas suna neman garuruwan da ba su canja kama ba tun shekarun 1930, suka samu Pilot Point da tsohon ginin bankinta na Farmers and Merchants da aka gina a 1896, bankin da ya rufe a lokacin karayar tattalin arzikin, suka ɗauki wani sashe na fashi a nan. Fim ɗin ya fito a 1967 da sunan Bonnie and Clyde, Arthur Penn ya ba da umarni, Warren Beatty da Faye Dunaway su ne taurarin. Ya shiga takarar Oscar a rukuni 10, ya ci 2. Toh ka ga biki ne na ranar da Hollywood ta shigo garinsu, da kuma zamanin da fim ɗin yake ba da labari. In ka riƙe wannan tun daga gida komai zai zo maka da sauƙi.

Na biyu, ka kalli fim ɗin kafin ka tafi, amma ba tare da yara ba dan Allah, akwai zubar da jini sosai musamman a ƙarshe, kuma akwai wuraren da babba ma zai kau da kai. Kafin ka kunna, ka buɗe intanet ka nemo hoton ginin bankin Pilot Point ka kalle shi da kyau, ta haka in ya fito a fim za ka gane shi nan take. Ka kula da wurare biyu. Ɗaya inda suka kwana a wani gidan gona da banki ya ƙwace, mai gidan ya zo da iyalinsa a mota cike da komatsai dan ya yi wa gidan kallon ƙarshe. Ɗayan kuma inda Clyde ya shiga banki da bindiga ma'aikacin ya ce masa ai bankin ya karye tuntuni babu ko sisi. Waɗannan biyun sun fi duk harbe-harben gaya maka halin da ake ciki a lokacin.

Sai dai fa fim fim ne, ya yi musu kwalliya ba kaɗan ba, kuma nan ne nake so ka tsaya ka natsu. An haifi Clyde a 1909 kusa da Telico a kudu da Dallas, iyayensa manoma ne da ba su da gonar kansu, talauci ya koro su zuwa unguwar West Dallas inda suka yi zaman farko a ƙarƙashin keken dokinsu. Bonnie kuma 1910 a Rowena, mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Sun haɗu a Janairun 1930. Clyde ya yi zaman gidan yarin Eastham, gonar fursuna ce da ta yi ƙaurin suna wajen azaba, har sai da ya sa aka sare masa yatsun ƙafa biyu dan ya huta da aikin gona, bayan 'yan kwanaki kuma aka sake shi bisa sharaɗi a Fabrairun 1932. Daga nan zuwa Mayun 1934 shi da ƙungiyarsa ana danganta musu kisan mutum 13, 9 daga ciki jami'an tsaro ne. Kuma yawancin fashinsu ba na banki ba ne kamar yadda fim ya nuna, ƙananan kantuna ne da gidajen mai, wato talakawa 'yan'uwansu suke tarewa. Akwai Doyle Johnson, magidanci matashi da suka harbe ranar Kirsimetin 1932 a garin Temple saboda kawai ya fito ya hana su sace motarsa. Rayuwarsu ma ba wani jin daɗi a ciki, kwana a mota, wanka a rafi, cin abincin gwangwani, a Yunin 1933 motarsu ta faɗa rami kusa da Wellington ƙafar Bonnie ta ƙone ƙwarai, daga nan ba ta ƙara tafiya daidai ba, wani lokacin ɗaukarta ake yi.

Haka Frank Hamer, tsohon jami'in rundunar tsaron jihar da ake kira Texas Rangers da ya bi sawunsu, fim ya nuna wai sun taɓa kama shi sun wulaƙanta shi shi ya sa ya ƙullace su. Wannan ƙirƙira ce, bai taɓa haɗuwa da su ba sai ranar kwanton ɓaunar 23 ga Mayu 1934 a Luwiziyana, inda aka kashe su. Iyalinsa sun kai kamfanin fim ɗin kotu a kan haka, aka sasanta a wajen kotu. Shi kuma yaron da ake kira C.W. Moss a fim babu shi a tarihi, mutum biyu aka haɗe, W.D. Jones da Henry Methvin.

Mataki na uku shi ne wanda mutane suke tsallakewa kuma ni a wurina ya fi kowanne muhimmanci: ka ɗan karanta yadda karayar arzikin ta kasance. A Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rushe. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna wajen dubu 9 suka durƙushe a Amurka, kuma lokacin babu inshorar ajiya, in bankinku ya rufe ƙofa shi kenan kuɗin da ka tara shekara ashirin ya bi ruwa, ba wanda za ka riƙe. Zuwa 1933 kusan mutum 1 cikin 4 na masu neman aiki ba shi da aiki. A Teksas auduga ce rayuwa, farashinta ya faɗo daga kusan santi 17 ko 18 duk laba a 1929 zuwa santi 5 ko 6 a 1931 da 1932, manomi ya yi noma ya tsince ya kai kasuwa kuɗin bai biya bashin iri ba, banki ya karɓe gona. Shi ya sa mutane da yawa a lokacin ba su ga laifin mai fasa banki ba, a idonsu banki ne ya fara yi musu fashi. In ba ka san wannan ba ba za ka taɓa gane yadda aka yi masu kisan kai suka zama abin labari a jaridu ba.

Franklin Roosevelt ya hau mulki 4 ga Maris 1933, bayan kwana biyu ya rufe duk bankunan ƙasar na 'yan kwanaki dan a tantance masu lafiya, a shekarar aka kafa hukumar FDIC mai inshorar ajiya, ta fara aiki Janairun 1934 da tabbacin dala 2,500 ga kowane mai ajiya. Wannan tambarin FDIC da kake gani a ƙofar bankinka na Amurka yau daga wannan wahalar ya samo asali. A 1933 ɗin dai gwamnati ta biya manoma su nome audugar da ta riga ta tsiro, eka wajen miliyan 10, dan farashi ya tashi, kuɗin ya tafi aljihun masu gona, su kuma masu noma gonar wani a raba amfani, baƙaƙe da farare, da yawansu aka sallame su. Za ka ji ana ambaton Hooverville, unguwannin bukkokin kwali da langa-langa ne da marasa gida suka kakkafa, aka laƙaba musu sunan shugaba Herbert Hoover dan haushi. Ka kuma sani cewa guguwar ƙurar nan da ake nunawa a hotuna, wadda ta fi tsanani ranar 14 ga Afrilu 1935, can arewa maso yammacin jihar ta fi yin ɓarna, su mutanen yankin Pilot Point abin da ya karya su farashi ne da bashi.

Kuma wannan masifar ba ta tsaya Amurka ba, ta iso har ƙasar Hausa. Farashin gyaɗa ya faɗi warwas a Kano a farkon shekarun 1930 alhali harajin Bature na nan sai an biya da kuɗi, ma'adinan kuza na Jos suka rage aiki suka sallami leburori da yawa. Kakanninmu sun sha nasu kason, dan haka ba labarin wasu can kake zuwa kallo ba.

Toh yanzu shirin tafiya. Ana yin bikin ranar Asabar, galibi ta biyun watan Oktoba, amma ka duba shafin hukumar garin ko shafin bikin a Facebook tun a Satumba ka tabbatar da ranar da jadawalin, saboda lokutan wasannin suna canjawa shekara zuwa shekara. Ka sani lokacin ya zo daidai da babban bajekolin jihar da ake yi a Fair Park na Dallas daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, otal-otal na Dallas suna cika su yi tsada, in daga Houston ko wata jiha za ka zo gara ka kama ɗaki a Denton, tsakaninta da Pilot Point bai wuce kilomita 30 da 'yan kai ba.

Maganar mota kuwa babu zaɓi, sai da ita. Jirgin ƙasa na A-train yana kai mutum Denton daga Carrollton amma bai zuwa Pilot Point, kuma in ka dogara da Uber zuwa zai yi sauƙi, dawowa ce matsalar, ƙaramin gari ne ba ko yaushe direba ke kusa ba. Daga Dallas ka ware awa ɗaya ko fiye. Hanya mai sauƙi ita ce ka bi I-35E zuwa Denton, ka ɗauki 380 gabas, sannan 377 arewa ta Aubrey, duk gefen hanya gonakin dawaki ne masu fararen shinge, yankin ya shahara da kiwon doki saboda ƙasarsa mai rairayi ce. Ni na fi son ɗayar, ka wuce Denton zuwa Sanger ka juya gabas a kan FM 455, za ta bi da kai ta saman madatsar tafkin Ray Roberts, ruwa a hagunka shimfiɗe har inda ido ya tsaya. In taswirar waya ta jefa ka Dallas North Tollway ka tuna hanyar kuɗi ce kuma ba a biya da hannu, kyamara ke ɗaukar lamba, in motar haya ce kamfanin zai caje ka daga baya har da nasu ƙarin, dan haka ka tambaye su tsarinsu tun wurin karɓar makulli.

Ka isa da wuri. Titunan dandalin a rufe suke ranar, fakin sai a layukan unguwa ka tako da ƙafa, wanda ya zo da hantsi shi ke samun kusa. Kar ka toshe wa kowa ƙofar gareji, kar ka hau ciyawar gidan mutane.

Sutura: Oktoba a arewacin Teksas safiya da ɗan sanyi, rana kuma tana iya kaiwa digiri 27 zuwa 30, wani lokacin ruwa ya sauko ba sallama. Ka sa takalmin da za ka iya yini a tsaye da shi, hula, gorar ruwa, da 'yar riga mai kauri ta safe. Mutane da yawa suna shigar zamanin 1930, maza da hular malafa da wando mai igiyar kafaɗa, mata da doguwar riga da 'yar hular nan da Faye Dunaway ta sa a fim wadda ta zama yayi bayan fitowarsa. Ba dole ba ne. In kaftaninka da hularka ka ga dama ka sa, 'yar'uwa ki sa abayarki da mayafinki, ba wanda zai hana, sai ma dai ya jawo hira. Abu ɗaya tak nake roƙo, kar ka riƙe bindigar wasa, kar ka ba yaronka, ko da ka ga wasu sun riƙe. Kai baƙo ne a wurin, akwai 'yan sanda na gaske, Teksas kuma jiha ce da mutane ke yawo da bindigar gaske, ba wurin gwaji ba ne. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana saboda ba kowace rumfa ke karɓar kati ba, kuma farashin da aka rubuta a kanti ban da haraji ne, ana ƙara kusan kashi 8 cikin 100.

Da ka shiga dandalin, kafin rumfuna su ɗauke maka hankali, ka fara zuwa ginin bankin tun ba a cika ba. Dandalin murabba'i ne, tsofaffin gine-ginen jan bulo sun kewaye shi, ranar bikin yana komawa kamar ranar cin kasuwar ƙauye, kowa ya san kowa, gaisuwa ta ko'ina. Ka tsaya gaban bankin ka kalli kaurin bangon da yadda aka ƙawata ƙofa da tagogi, an gina shi ne dan manomi ya gani ya ce nan kam kuɗina ba za su taɓa salwanta ba, kuma duk da haka ya rufe. Shekaru da yawa ginin ya zama wurin baje zane-zane da kayan tarihi, in ka tarar a buɗe ka shiga, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto a ciki.

Daga nan sai wurin motoci, kuma a nan ka ɓata lokaci kar ka yi sauri. Ka nemi Ford Model A, wadda aka ƙera daga ƙarshen 1927 zuwa 1931, ita ce motar talaka da ɗan sandan ƙauye a lokacin. Ka leƙa za ka ga murfin tankin mai a gaban gilashi yake, dab da direba, man yana gangarowa inji da kansa ba famfo, a jikin sitiyari akwai 'yan sanduna biyu, ɗaya na wuta ɗaya na mai, wasu kuma a baya inda kake zaton but ne in aka buɗe sai ka ga kujera ce ta mutum biyu a waje. Ƙarfin injinta doki 40 ne. Sannan in akwai Ford V8 ta 1932 zuwa 1934 ka kwatanta, ta 1934 doki 85 ce, ita Clyde yake sata, kuma da ka ga biyun gefe da gefe ka gane dalilin da ya sa ya yi shekara biyu ana binsa ba a kama shi ba, ga mota da ta ninka tasu ƙarfi, ga manyan bindigogin soja da ya sato daga ma'ajiyar makamai, ga kuma dokar lokacin da ta sa ɗan sandan wata jiha ba ya tsallaka iyaka ya ci gaba da bi. Masu motocin yawanci dattawa ne da suka kashe shekaru suna gyara, suna son a tambaye su, ka ce su buɗe maka bonet za su buɗe da murna. Amma kar ka taɓa, kar ka jingina, kar ka ɗora yaro a kan matakin ƙofa sai an ce maka bismilla.

Kwaikwayon fashin shi ne abin da jama'a suka fi jira, kuma galibi ana maimaita shi a yinin, dan haka in ka rasa na farko ka duba jadawali. Ka je ka kama wuri minti 20 kafin lokaci, ta gefen da kake ganin ƙofar bankin da titi gaba ɗaya. Ƙarar bindigogin tana da ƙarfi fiye da yadda kake zato saboda tana dukan bangon gine-ginen ta dawo, in kana da ƙaramin yaro ka ja baya ka toshe masa kunne, ka kuma gaya masa tun kafin a fara cewa wasa ne. Duk wanda ya taɓa ganin harin 'yan bindiga da idonsa a gida, ko ya rasa wani ta haka, ya yi wa kansa adalci, ba laifi ba ne ya zagaya wani layin har a gama. Ni ban ɗauki wannan da wasa ba, mu da muka san abin da fashi da garkuwa suka yi wa garuruwanmu ba za mu kalli wannan da ido ɗaya da wanda a fim kawai ya san shi ba. Mutanen garin fim suke kwaikwaya, ba kisa suke yaba ba, amma kai ka kalla kana sane da waɗanda aka kashe da gaske.

Abin da ya fi faranta min rai a bikin shi ne tseren motocin katako marasa inji, waɗanda ake sakowa daga gangara. Wasan ya samo asali ne a shekarun karayar, lokacin da yara ba su da kuɗin abin wasa sai su haɗa akwatin katako da tayoyin keken jarirai, kuma ya dace da garin dan Pilot Point gari ne na kafintoci masu haɗa kabad ɗin kicin. Nan ne wurin yara, nan za ka ga uba da 'yarsa sun durƙusa suna ɗaure taya.

Abinci sai ka yi hattara, dan abincin bikin ƙauye a Teksas alade ya yi masa yawa. Tsiran nan nasu mai kama da hanji galibi alade ne ko gauraye, wake ma da kake ganin ba komai sau da yawa da naman alade ake dafa shi, gashin fulawar nan mai 'ya'yan itace da suke kira pie wasu da kitsen alade suke kwaɓa ɓawonsa, musamman masu bin tsohon salo. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi. Gasasshiyar masara, gugguru, lemon tsami da aka matse a gabanka, dankali in ka tabbatar da man da aka soya, waɗannan ba matsala. Mafi sauƙi ka yi guzuri daga gida ko ka saya a shagunan halal na Dallas ko Denton ka bari a kula cikin mota. Sallah kuma, a tsakiyar Oktoba azahar tana shiga wajen ƙarfe 1 da kwata, alƙibla daga nan arewa maso gabas take ba gabas sak ba, ka zo da dardumarka da ruwan alwala ka samu gefe mai natsuwa kusa da motarka, ko ka bari in ka koma Denton akwai masallaci.

Sai matakin da ba ya cikin jadawali: ka yi hira da tsofaffi. Waɗanda suke yara a 1966 lokacin da aka zo ɗaukar fim yanzu sun haura 65, wasu sun tsaya kallo a bakin titi, wasu danginsu sun fito cikin taron jama'a a fim ɗin. Ka gaida mutum da ladabi, ka ce kai baƙo ne kana son sanin tarihin garin, ka tambaye shi ko yana nan lokacin. In hira ta yi daɗi ka wuce fim ɗin ka tambayi abin da iyayensa suka ba shi labari na shekarun 1930, me suke ci, yaushe lantarki ta zo gonarsu, dan a tsakiyar shekarun nan gona 1 cikin 10 ce kawai ke da wuta a Amurka, za ka ji labarin rigunan da aka ɗinka da buhun fulawa da kakar da har ta mutu ba ta ƙara yarda da banki ba. Kar ka kunna rikoda ko kyamara sai ka tambaya, kuma ka bar siyasar yau a gefe.

Akwai ɓangaren da biki irin wannan ba ya cika nunawa, ni kuma ina ganin bai kamata baƙar fata ya zo har nan ya koma bai neme shi ba. Teksas ta shekarun 1930 ƙasar wariya ce, makaranta daban, wurin zama daban, kuma baƙaƙen manoma su suka fara rasa gona su ne kuma na ƙarshe a layin tallafi. Dan haka in ka kwana Denton, ka duba ranakun da ake buɗewa ka je gidan tarihin baƙaƙen gundumar, yana cikin wani gida da ya tsira daga Quakertown, unguwar baƙaƙe ce mai shaguna da coci-coci da aka tasa a farkon shekarun 1920 aka mai da wurin filin shaƙatawa. Tsohon ginin kotun da ke tsakiyar garin, shi ma na 1896, akwai gidan tarihi a ciki. A Denton ɗin nan ne a ƙarshen 1929 Clyde da wansa Buck suka fasa wani gareji, 'yan sanda suka harbi Buck suka kama shi, Clyde ya tsere da ƙafa, kuma a gidan sinima na Campus da ke kusa da dandalin aka yi bikin nuna fim ɗin a 1967.

A hanyar komawa Dallas ka ratsa ta Southlake, titin Dove Road kusa da babbar hanya ta 114. Akwai dutsen tunawa a wurin da su Clyde suka harbe 'yan sandan babur biyu, E.B. Wheeler da H.D. Murphy, ranar Ista 1 ga Afrilu 1934, sun tsaya ne suna zaton mai motar taimako yake nema. Murphy ranar ce ta farko da ya fita sintiri, saura 'yan kwanaki aurensa, amaryar ta halarci jana'izarsa da rigar bikinta. Wannan kisan ne ya juya zukatan jama'a daga kan Bonnie da Clyde. Minti 10 ya ishe ka a wurin, amma ka je, musamman in da yara masu wayo da suka kalli kwaikwayon jiya.

Kaburburan Bonnie da Clyde duka a Dallas suke amma ba wuri ɗaya ba, mahaifiyar Bonnie ce ta ƙi yarda a haɗa su. Bonnie tana Crown Hill, Clyde yana Western Heights a kan Fort Worth Avenue kusa da wansa. Wanda kuma yake son ganin inda abin ya ƙare sai ya jira watan Mayu, garin Gibsland a Luwiziyana yana nasa bikin a ƙarshen makon da ya fi kusa da 23 ga wata, daga Dallas ka miƙe I-20 gabas ka wuce Shreveport, tafiyar kusan awa 3 da rabi zuwa 4. Gidan tarihinsu yana cikin tsohon gidan abincin da suka sayi karin kumallonsu na ƙarshe, wurin kwanton ɓaunar kuma yana 'yan kilomita kudu da garin a kan hanya ta 154, hanya ce siririya cikin daji mai kwana, dan haka ka sauka daga kwalta gaba ɗaya kafin ka tsaya, ka kuma cika tanki tun daga babbar hanya.